Da muguwar rawa gara ƙin tashi: abin da ya sa hazo ke tsare jiragen sama a ƙasa

 Kowace shekara, da zarar Disamba ta kama, iskar hunturu ta taso da buji daga gabas, labari guda ne ke fitowa daga filayen jiragen sama na yankinmu, daga Yamai har Kano, daga Agadas har Njamena: an ɗage tashi, an soke tafiya, ko kuma jirgi ya iso saman gari ya yi ta shawagi ya juya ya koma inda ya fito. Wanda ke zaune gida zai ɗauki abin kamar ƙaramin labari. Amma Hajiyar da ta baro Damagaram don ta riski jirgin Dubai ko na Santambul a Yamai ta san kuɗin da kwana guda ke ci: tikitin da ya ƙone, kuɗin otel, da dillalin da ke jira a can wanda ba ya jin uzuri.

A irin wannan rana maganganu uku ake ji a zauren jira. Wasu su ce matuƙin matsoraci ne. Wasu su ce kamfani ne bai cika fasinja ba, ya fake da hazo. Wasu kuma su nuna waje su ce: to ai ga rana tsaka, muna ganin motoci suna wucewa, me zai hana jirgi tashi? Fushin yana da dalili, amma sau da yawa ana sauke shi a kan wanda bai dace ba. Matuƙin da ya ƙi tashi doka ce ya bi, kuma dokar da rayukan mutane aka rubuta ta. Masu amsa tambaya suna wani wuri dabam, kuma za mu zo kansu. Sai dai kafin nan ya kamata mu san yadda ake tuƙa jirgi tukuna.

Tuƙin ido da tuƙin na'ura

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wadda muka fi sani da OACI, an aza tubalinta da yarjejeniyar birnin Shikago ta 1944, kuma mazauninta na Montiriyal a ƙasar Kanada. Ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe ke bi, har da tamu. A cikin ƙa'idojin nan tuƙin jirgi iri biyu ne, kuma kowace tafiya sai an bayyana wanne za a bi.

Na farko shi ne tuƙin ido, wanda matuƙa ke taƙaitawa da haruffan VFR. A nan matuƙi yana duban waje ne kamar direban mota. Yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, da haka yake sanin jirginsa a miƙe yake ko ya karkata. Yana bin kogi, ko kwalta, ko dutse, ko gari don sanin inda yake. Kauce ma wani jirgi ma aikin idonsa ne. Saboda haka doka ta gindaya mashi sharaɗi: idan yana ƙasa da tsayin mita 3,050, sai yana iya hangen kilomita 5 a gabansa, idan ya haura haka, kilomita 8. Dole ya nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, da mita 300 ta sama ko ta ƙasa. A filin da ke da hasumiyar masu ba da umurni, ba ya tashi ba ya sauka idan hangen ƙasa bai kai kilomita 5 ba, ko gajimare ya sauko ƙasa da mita 450, sai da izini na musamman. Ƙananan jirage, da jiragen koyo, da masu feshin fara, da yawancin jirage masu saukar ungulu, da wannan tuƙi suka fi aiki.

Na biyu shi ne tuƙin na'ura, wato IFR. A nan matuƙi zai iya tafiyar awa da awanni bai ga komai ta taga ba. Allon da ke gabansa shi ne idonsa. Akwai na'urar da ke nuna mashi ko jirgi ya karkata hagu ko dama, ko hancinsa ya ɗaga ko ya sunkuya. Akwai mai auna tsayi, da mai auna gudu, da mai nuna alƙibla. Tun kafin ya tashi ya miƙa takardar tsarin tafiya, kuma tun daga tashi har sauka yana magana da ma'aikatan ƙasa, su ne ke raba shi da sauran jirage, su sa wannan a tsayi kaza, wancan a sama da shi da aƙalla mita 300. Wani sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ne ya fara gwada haka ranar 24 ga Satumba 1929, ya tashi ya kewaya ya sauka alhali an lulluɓe mazauninsa ba ya ganin waje. Yau manyan jiragen fasinja da wannan tuƙi suke tafiya kusan kullum, ko da gari ya yi garau.

Ƴan kasuwa sun fi kowa gane bambancin. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne: tsohuwar mai sayar da gero za ta dubi tuli ta faɗi tiya nawa ne, ta kusa dacewa. Amma a sa ta cikin ɗaki mai duhu a ce ta ƙiyasta, sai ta nemi tiya da hannunta. Tuƙin ido ƙiyasin gwani ne da rana. Idan haske ya ɗauke, sai awo.

Yadda jiki ke yaudarar mai shi

Wani zai ce, to ko bai ga waje ba, ai mutum yana jin jikinsa, ya san sama ya san ƙasa. A nan ne haɗarin yake. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƴan ƙananan bututu masu ruwa, su ne ke gaya ma ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake ko yana juyawa. A ƙasa suna aiki lafiya don ido yana gyara masu kuskure. A cikin gajimare ko hazo mai kauri, idan jirgi ya karkata sannu a hankali, ruwan nan ba ya motsawa, sai matuƙi ya rantse a miƙe yake alhali ya fara kewaya yana gangarowa. Idan ya lura yana rasa tsayi ya ja sitiyari don ya ɗaga, sai kewayen ya ƙara tsukewa, gudun ya ƙaru, har ƙasa.

A shekarar 1954 jami'ar Ilinoyis ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda suka iya tuƙin ido amma ba su koyi na na'ura ba. Aka rufe masu ganin waje, malami na gefe yana tsaro. Dukansu jirgi ya kuɓuce masu. Da aka haɗa lissafi, matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin abin ya lalace daƙiƙa 178 ne, wato bai cika minti 3 ba. Har yau ana koya ma ɗaliban tuƙi wannan adadi. Abin da horon tuƙin na'ura ke cusa ma mutum shi ne ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allo, kuma wannan sai da awanni na koyo da jarrabawa da sabuntawa lokaci lokaci. Ba kowane mai lasisin tuƙi ke da wannan shaida ba, ba kuma kowane jirgi aka amince ya yi irin wannan tafiya ba.

Manyan mutane, ƙananan jirage

A ƴan shekarun nan duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka shiga duhun yanayi da tuƙin ido. Ranar 26 ga Janairu 2020, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant ya rasu tare da mutum 8 a wani jirgi mai saukar ungulu kusa da birnin Los Anjalas. Matuƙin gogagge ne, amma tafiyar ta tuƙin ido ce, ya kutsa cikin gajimare. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa a daƙiƙun ƙarshe ya shaida ma ma'aikatan ƙasa yana hawa sama, alhali jirgin gangarowa yake yi. Ta kuma ambaci irin matsin da ya ɗora ma kansa don ya isar da babban fasinjansa a kan lokaci.

Ranar 9 ga Fabrairu 2024, Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access na Najeriya, wanda ƴan kasuwarmu masu hulɗa da Kano da Legas suka san sunan bankinsa, ya rasu tare da matarsa da ɗansa da wasu mutum 3 a hamadar jihar Kaliforniya. Dare ne, ana ruwa gauraye da dusar ƙanƙara. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2025 ya ce matuƙin ya ci gaba da tuƙin ido cikin yanayin da sai da na'ura, ya rikice bai san sama da ƙasa ba. An kuma gano cewa wata na'urar auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki tun kafin a ɗauki fasinjojin.

A watan Mayu na wannan shekara ta 2024 shugaban Iran Ibrahim Raisi ya rasu a tsaunukan arewa maso yammacin ƙasarsa, kuma binciken sojojin ƙasar ya ɗora abin kan hazo mai kauri. Ranar 6 ga Agusta 2025 kuma maƙwabtanmu na Gana suka yi rashin mutum 8, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, a jirgin soja mai saukar ungulu da ya tashi daga Akara zuwa Obuwasi. Masu bincike sun danganta haɗarin da mugun yanayi da iska mai danno jirgi ƙasa a saman tuddai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kowane haɗari da nasa dalilai, amma a dubi waɗanda ke ciki: masu kuɗi da masu mulki, mutanen da ba a saba ce masu a'a ba, kuma ana jiransu a wani wuri. Ba lallai ne babban mutum ya buɗe baki ya ce a tashi ba. Zamansa kaɗai, yana duban agogo, ya isa ya sa matuƙi ya ce bari mu gwada mu gani. Wannan "bari mu gwada" ita ce dokar tuƙi ta zo ta hana. Don haka idan fasinjoji suka taru suna hayaniya a kan ma'aikaci, suna cewa jiya ma wani kamfani ya tashi, su san irin nauyin da suke ƙara ma wanda ke riƙe da rayukansu.

To manyan jiragen fa?

Ga tambayar da mai hankali zai yi: tunda jirgin fasinja da na'ura yake tafiya, me ya haɗa shi da hazo? Amsa ita ce na'ura tana kai shi har bakin fili, amma a mafi yawan filaye taɓa ƙasa sai da ido. Kowane fili yana da iyaka a rubuce: matuƙi zai gangaro zuwa tsayi kaza, idan ya ga titin sauka ko fitilunsa ya sauka, idan bai gani ba dole ya ƙara wuta ya koma sama. Ba a ciniki a kan wannan iyaka. Yadda take ƙasa ko sama kuwa ya danganta da kayan aikin da aka kafa a filin.

Mafi shahara a cikin kayan nan ita ce na'urar sauka da ake kira ILS. Tana harba saƙon rediyo iri biyu daga bakin titi: ɗaya yana gaya ma jirgi ya matsa hagu ko dama, ɗayan yana nuna mashi gangaren da zai bi. Tana da daraja uku. Da mai daraja ta farko jirgi yana iya saukowa har mita 60 daga ƙasa, in dai ana hangen mita 550 a kan titi. Da ta biyu har mita 30, da hangen mita 300. Da ta uku kuwa, irin ta manyan filayen Turai masu fama da hazon sanyi, jirgi yana iya sauka kusan ba a ganin komai. Filin da ba shi da wannan na'ura, sai tsofaffin tashoshin rediyo masu nuna alƙibla kawai, iyakarsa tana sama sosai, hangen da ake bukata sau da yawa ya haura kilomita 1, wani wuri har 2 ko fiye.

Kada mita 550 ta yi ma mai karatu yawa. Jirgin fasinja yana dosar titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato kusan mita 70 kowace daƙiƙa. Abin da matuƙi ya hango a mita 550, cikin daƙiƙa 8 ya iso shi. Mai tafiya a ƙasa ko a kan amalanke zai ce gari a buɗe yake, matuƙi kuma ya ce a rufe yake, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa.

Abu uku sai sun haɗu kafin a ci amfanin kowace daraja: fili yana da kayan kuma suna aiki, jirgi yana da na'urar karɓa, matuƙa suna da horo da shaida. Shi ya sa za a ga jirgin wani kamfani ya sauka, na wani ya juya, a fili guda cikin awa guda. Haka kuma doka ta wajabta ma jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da na zuwa wani filin madadin idan sauka ta gagara, da ƙarin na minti 30 a ajiye. A ƙasa mai faɗi irin tamu, inda filaye ke nesa da juna kuma buji kan rufe yanki guda gaba ɗaya, wata rana sararin Yamai garau yake amma jirgi ba zai tashi ba, don inda za shi a rufe, madadin ma a rufe. Fasinja yana duban saman kansa, matuƙi yana duban rahoton gari biyu ko uku.

Kafa na'ura ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an riƙa gwada ta da jirgi na musamman lokaci lokaci, a tabbatar saƙonta bai goce ba, sai kuma wutar lantarki da ba ta yankewa. A watan Fabrairu 2020 jiragen ƙasashen waje da dama da suka nufi Legas sun karkata zuwa Akara saboda hazon hunturu, fasinjoji suka yi kwanaki suna watangaririya. Ga sabbin na'urori masu daraja ta uku an saya an kafa, amma aikin gwada su da daidaita su bai kammala yadda ya kamata ba kafin hazo ya sauka. An kashe kuɗi, ranar bukata kuma ba a mora ba.

Kada kuma a ɗauka na'ura ba ta kuskure. Ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin da kamfanin Air Algérie ya yi haya, wanda ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas, ya faɗi kusa da Gosi a ƙasar Mali da mutum 116. Bincike ya nuna ƙanƙara ce ta toshe wasu ma'aunan injin, suka ba da lissafin ƙarya, gudun jirgi ya yi ta raguwa ba a farga da wuri ba. Tuƙin na'ura ya rage haɗari ƙwarai, amma yana tafiya ne da kulawa da gyara da horo, kuma duka ukun kuɗi ne.

Hazonmu ba baƙo ba ne

Ƙurar da ke rufe mu tana da gida. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, inda wani tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Masana sun lissafa wurin a matsayin mafi fitar da ƙura a duniya, yana tashi kusan kwana 100 a shekara, har ƙurarsa takan tsallaka teku ta kai Kudancin Amurka. Mu ne a bakin hanya: Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa, sannan arewacin Najeriya. Idan ta yi kauri hange yakan faɗo ƙasa da kilomita 1, wata rana ƴan ɗaruruwan mitoci. Taurarin ɗan Adam suna ganin tashinta tun daga tushe, saboda haka ana iya sanin zuwanta kafin ta iso.

Ilimin abin ma a gidanmu yake. Hukumar ASECNA, mai kula da lafiyar zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, an kafa ta a Disamba 1959, mazauninta na Dakar, kuma babbar makarantarta ta horar da masu ba jirage umurni da masu hasashen yanayi, wato EAMAC, a Yamai take tun 1963. Cibiyar hasashen yanayi ta Afirka, ACMAD, a Yamai take. Cibiyar AGRHYMET ma haka. Ƴaƴan ƙasashe da yawa a nan suke koyon aikin su koma gida. Filin Diori Hamani na Yamai an sabunta shi a 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma yana da na'urar sauka. Amma Nijar ba Yamai kaɗai ba ce. Daga Yamai zuwa Maraɗi kusan kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kusan 900, zuwa Difa ya haura 1,300. Ga tsawon hanya, ga matsalar tsaro a wasu sassa. Ga ɗan kasuwa, da mara lafiyar da za a kai babban asibiti, da maniyyaci, jirgin cikin gida ya wuce abin ado.

Wa za a tambaya, me za a tambaya

Gaskiya ita ce ba kowane fili ne zai samu na'ura mai daraja ta uku ba. Tsadarta da ɗawainiyarta sun fi ƙarfin filin da jirage ƙalilan ke sauka a mako, kuma duk wanda ya yi wannan alkawari a dandalin siyasa, a tambaye shi da wane kuɗi. Amma akwai hanya mai sauƙi. Yanzu ana tsara hanyoyin sauka da tauraron ɗan Adam, irin wanda ke nuna ma wayar salula inda take, ba tare da an kafa manyan kaya a bakin titi ba. Idan aka ƙara mashi saƙon gyara kuskure, yana iya sauko da jirgi kusan daidai da na'ura mai daraja ta farko. ASECNA ta fara watsa irin wannan saƙo na gwaji a 2020 ta kan tauraron Najeriya NigComSat-1R, kuma a Janairu 2021 aka yi gwajin sauka da shi a filin Lome. Ƙananan filaye irin na jihohinmu su ne suka fi kowa bukatar wannan fasaha.

Saboda haka ƙungiyoyin ƴan kasuwa da majalisar kasuwanci suna da tambayoyin da ya dace su kai gaban hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da ma'aikatar sufuri. A bayyana ma jama'a, fili bayan fili, mene ne iyakar sauka a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Agadas, da Difa. A faɗi kwana nawa a cikin hunturun da ya wuce aka kasa sauka a kowanne. A faɗi wane shiri ake da shi na fitilun titi, da injin wuta na ko-ta-kwana, da ma'aunin hange, da shingen da zai hana dabbobi shiga, da hanyar sauka ta tauraro. Da waɗannan alƙaluma ne za a san inda jika guda za ta fi amfani. Kuma a gama gwajin na'urori tun watan Oktoba, kafin buji ya iso, don kada abin da ya faru a Legas ya faru a nan.

Kamfanonin jirage su ma suna da nasu kason. Hazo ba laifinsu ba ne, amma barin mutane zaune tun asuba har la'asar ba bayani laifinsu ne. Tunda ana ganin ƙura tun tana tasowa, ana iya kiran fasinja ko a aika mashi saƙo tun daren jiya. A yi sanarwa da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransanci kaɗai ba, a faɗi hange mita nawa ne kuma nawa ake bukata. A kafe a fili abin da fasinja zai samu idan an soke tafiya: mayar da kuɗi ko canjin rana, cikin kwana nawa. Kamfanin da ya saba faɗin gaskiya ranar da matsalar tasa ce, shi za a yarda da shi ranar da ya ce hazo ne. Wanda kuma ya fake da hazo don ya rufe wata matsala, rahoton yanayi na kowace awa yana nan a rubuce, hukuma tana iya dubawa, kuma aikinta ne ta duba.

Mu fasinjoji kuma, akwai abin da ke hannunmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, Hajiya, idan kina da jirgin waje a Yamai, ki bar tazarar kwana ɗaya ko biyu, kada ki haɗa tafiya biyu rana guda. Ki sani idan tikitin cikin gida dabam ne da na waje, kamfani na biyu ba ruwansa da latinki. Alhaji, kafin ka biya ka tambayi nawa ne canjin rana, don tikiti mafi araha sau da yawa shi ne wanda ba ya canzuwa. A bar lambar waya mai aiki a wurin mai sayar da tikiti. Magani, da takardu, da kuɗin guzuri su zauna a jakar hannu, don jirgi yana iya sauka a garin da ba a yi niyya ba. Masu ɗaukar hayar ƙaramin jirgi kuwa, su tambaya tun farko ko jirgin da matuƙin suna da izinin tuƙin na'ura, kuma in matuƙi ya ce yau ba ta yiwuwa, a bar shi da maganarsa.

Asarar kwana guda tana da zafi, babu mai musu, kuma wanda jarinsa ke tafiya da lokaci ya fi kowa jin ta. Amma kasuwa tana ci gobe, kuma tikitin da ya ƙone ana sayen wani. Hunturu zai dawo baɗi kamar yadda ya saba. Abin da ya rage shi ne ya tarar an kafa fitilu, an gwada na'urori, an shirya yadda za a sanar da mutane da wuri. Wannan shi ne abin da ya dace a matsa lamba a kai, a ofisoshin da ke da alhaki, tun yanzu. Allah ya kai kowa gida lafiya.